RA'AYINMU: Kwamitin Amintattu bai ci amanar kowa ba



Kwana biyar ke nan wayoyinmu ba su huta ba. Tun ranar da Kwamitin Amintattu na gidan rediyon al'ummar ƙaramar hukumarmu ya dakatar da shirin siyasa na daren Alhamis har tsawon mako huɗu, saƙonni ke ta shigowa, wasu a rubuce, wasu da murya, kuma kusan duk magana ɗaya ce: an zalunce mu, an toshe mana baki, mutanenmu biyu da ke cikin kwamitin sun ci amanar tafiya tunda suka sa hannu a takardar. Har akwai masu kiran a kore su daga jam'iyya, a kuma tara matasa a je ƙofar tashar a nuna musu ba a taɓa mu a kwana lafiya.

Mun nemi shirin mun saurara daga farko har ƙarshe, mun sake saurara. Matsayar wannan shafi ita ce, kwamitin ya yi aikin da aka kafa shi domin ya yi. In ma akwai laifin da za a ɗora masa, bai wuce na makara ba. Mun san wannan ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A daure a karanta zuwa ƙarshe kafin a fara zaginmu.

Ga waɗanda ba su ji shirin ba, don da yawan masu kumfar baki a waya ba su ji shi ba, ga abin da ya faru. Ɗan'uwanmu ya fara da kyau. Ya yi maganar takin da aka ce an raba wa manoma amma bai isa mazaɓu uku ba, ya yi maganar rufin ajin da iska ta yaye tun damina biyu da suka wuce. Wannan duk siyasa ce, kuma ba wanda ya isa ya hana mu faɗa. Daga nan sai harshe ya kufce. Ya bar aikin mutumin ya koma kan matarsa da mahaifiyarsa. Ya ce asalinsa ba ɗan garin nan ba ne, ya kira sunan unguwar da danginsa suke zaune, ya ce baƙi sun isa haka, matasa sun san abin da ya kamata su yi. Mai gabatar da shirin yana zaune yana dariya, bai katse shi ba. Washegari da safe aka jefi shaguna biyu a unguwar nan da ya ambata. Masu shagunan ba 'yan jam'iyyar kowa ba ne, ɗaya ma tela ne da yake ɗinka wa rabinmu kayan salla.

To, jama'a, in kai ne a kujerar kwamitin nan, me za ka yi?

Hujjar da aka fi kawo mana ita ce wai fili ne muka saya da kuɗinmu, kuma ai kafin a fara ana sanarwa cewa abin da za a ji ra'ayin mai magana ne, ba na tashar ba. Wannan sanarwar fa ba laya ba ce. Ba ta kare tasha daga komai. Lasisin watsa shirye-shirye ba a hannun mai sayen fili yake ba, sunan tashar ne a jikinsa, kuma a rediyon al'umma amintattu ne suke riƙe da tashar a madadin jama'ar gari. Kundin ƙa'idojin Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ya tsara cewa irin wannan tasha mallakar al'umma ce, ana gudanar da ita ta hannun amintattu, ba kuma don neman riba ba. Dokar da ta kafa hukumar tun 1992 ta hana a ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Ke nan tashar nan ba tamu ba ce, ba ta ɗaya ɓangaren ba ce, ba ta shugaban ƙaramar hukuma ba ce. Wanda ya sayi minti talatin ya sayi lokaci ne kawai, alhakin abin da ya fita ta eriya yana nan a wuyan masu riƙe da lasisi.

Kuma an sha gani. A watan Agustan 2020 marigayi Dakta Obadiah Mailafia ya yi wata hira a tashar Nigeria Info da ke Legas. Shi ya yi magana, amma tashar NBC ta ci tarar naira miliyan 5. A Kano kuwa, a watan Fabrairun 2013, bayan wani shiri da aka yi a Wazobia FM kan allurar rigakafin shan inna, da kisan ma'aikatan rigakafi tara da ya biyo baya a cikin kwanakin, hukumar ta dakatar da lasisin tashar gaba ɗaya. Ba mu ce shirin ne ya yi kisan ba. Abin lura shi ne, da aka tashi rufewa ba shiri ɗaya aka rufe ba. Labarai, gaisuwa, tallace-tallace, albashin ma'aikatan da ba su san hawa ba su san sauka ba, duk suka tsaya tare. Waɗancan manyan tashoshi ne na 'yan kasuwa, suna da lauyoyi, suna da kuɗin jira har a buɗe su. Tamu tashar da wani watan sai an yi karo-karo ake sayen man janareta, in aka sa mata kwado yau, wa zai je Abuja ya buɗe ta?

Wani zai ce ai kotu ta cire wa NBC haƙori. Gaskiya ne a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin cin tarar tashoshi da kanta, tunda ita ba kotu ba ce. Amma hukuncin nan bai halatta ɓata suna ba, bai halatta tunzura jama'a ba. Wanda aka zagi mahaifiyarsa a rediyo yana da damar kai ƙara, kuma in ya tashi, tashar da ta watsa zagin tana cikin waɗanda zai haɗa. Lasisi kuma har gobe daga hannun hukumar yake fitowa, ita ke sabunta shi.

Akwai wani misali da muke so magoya bayanmu su tsaya su yi tunani a kai, don ya fi kama da halin da muke ciki. A Ghana, a 2016, shekarar zaɓe, akwai wata tasha a Accra mai suna Montie FM da kowa ya san tana goyon bayan jam'iyyar da ke mulki a lokacin. A wani shirin siyasa, masu sharhi biyu suka yi wa alƙalan Kotun Ƙoli barazana, mai gabatarwa yana zuga su. Kotun Ƙoli ta kira su. Ba su kaɗai ta kira ba, har da daraktocin kamfanin da ya mallaki tashar, mutanen da ba sa cikin ɗakin watsa shiri a ranar, wataƙila ma suna gidajensu suna cin abinci. Aka ɗaure mai gabatarwa da masu sharhin biyu wata huɗu-huɗu, aka ci tarar masu tashar. Jam'iyyarsu ce fa ke kan mulki. Shugaba John Mahama ya yi musu afuwa bayan kusan wata guda, afuwar ta zama abin da 'yan adawa suka riƙa yi masa gori da shi, kuma a watan Disambar shekarar ya faɗi zaɓe. Faɗuwar tana da dalilai da yawa, amma ba wanda zai ce waɗannan sojojin baka sun ƙara masa ƙuri'a. Su a ganinsu taimakon maigida suke yi.

In kuma ana son a ga inda abin ke ƙarewa idan aka sakar masa linzami, a tuna Ruwanda. Ferdinand Nahimana ba mai gabatar da shiri ba ne a tashar RTLM, yana cikin kwamitin da ya kafa ta yake kuma juya ta. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2003. Da ya ɗaukaka ƙara aka mayar da shi shekara 30 a 2007, kuma cikin abin da ya tabbata a kansa har da cewa yana da ikon hana ma'aikatan tashar ko hukunta su a lokacin kisan ƙare-dangin 1994, bai yi ba. Allah ya kiyaye, ba mu kwatanta garinmu da can ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa “ni ban san abin da ake faɗa a tashar ba” ba amsa ba ce a bakin ɗan kwamiti. Sanin shi ne aikinsa.

Yanzu bari mu juya kan kwamitin, don ba mu zo wanke shi tas ba.

Abin da ya faru daren Alhamis bai faɗo daga sama ba. Wata da watanni shirye-shiryen siyasa a tashar nan suna ƙara zafi, kowa yana ji a shagon mai shayi da tashar mota, amma kwamitin bai ce uffan ba. A cikin azumin da ya wuce mai magana da yawun ɗaya ɓangaren ya kira ɗaya daga cikin dattawanmu ɓarawo, da sunansa, ba takarda ba shaida. Mun rubuta ƙorafi. Har yau ko amsar an karɓa ba mu samu ba. Wannan shi ne ainihin abin da ke ci wa mutanenmu rai, kuma suna da gaskiya. Hukuncin da ya hau kan mutum ɗaya ya tsallake ɗaya, ko da daidai ne, kamar zalunci yake zuwa wa wanda ya hau kansa. Sai dai maganin wannan ba shi ne a saki namu ba. A ɗauko wancan shirin ma, a saurara, a yi masa awo da mudun da aka auna namu. Ƙa'idar NBC ta wajabta wa tasha ta adana abin da ta watsa na tsawon kwana 90. In an wuce wa'adin, ko an goge, mu muna da shi a wayoyinmu, za mu kawo.

Sannan wace ƙa'ida ɗan'uwanmu ya karya a rubuce? Mun tambaya. Babu wata takarda da ake ba mai sayen fili ya karanta ya sa hannu. Kuɗi ake karɓa, a ba da rasit, a nuna wa mutum kujera da makirufo. Wannan sakacin kwamiti ne, don shi ke da alhakin shimfiɗa dokar gida: me ya halatta, me ya haramta, wane laifi ne gargaɗi, wanne ne dakatarwa, kwana nawa, kuma ina wanda aka hukunta zai kai kukansa. Shafi biyu sun isa, da Hausa, a manna a ƙofar tasha, a karanta a rediyon kanta kowa ya ji. Da akwai wannan, da yau ba mu tsaya muna musun ko mako huɗu ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba.

Haka maganar watsa shirin siyasa kai tsaye. Manyan tashoshi suna da na'urar da ke jinkirta murya da 'yan daƙiƙoƙi, ta yadda in baƙo ya saki baki ana iya datse maganar kafin ta fita. Tamu ba ta da ita. To wanda ba shi da birki ai ba ya gudu a kasuwa. A naɗi shirin da rana, manaja ko shugaban sashen shirye-shirye ya saurara, a cire zagi da tunzuri, a bar suka komai zafinta, a sa da dare. Mun san wasu za su ce daga nan ne ake fara tace gaskiya. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa muke cewa duk abin da aka cire a rubuta shi a littafi, da dalili, da sunan wanda ya cire, kuma mai shirin yana da damar kai ƙara gaban kwamiti. In aka cire maganar taki ko ta rufin aji da sunan gyara, mu ne za mu fara ɗaga murya a wannan shafi, kuma za mu kira abin da sunansa.

Nan ne kuma ya kamata a bambance sa ido da katsalandan, don mutane suna cakuɗa su. Ɗan kwamiti ba shi da hurumin ɗaga waya ana tsakiyar shiri ya ce wa mai gabatarwa kashe wannan, ko ya aiko da sunan wanda za a gayyata gobe. Wannan aikin manaja ne da ma'aikatansa. Kwamiti a zaune yake aiki, ba ɗaiɗai ba. Shi ke kafa ƙa'ida, shi ke ɗaukar manaja, shi ke titsiye shi a taro ya ce kawo jadawalin wata ukun nan mu gani, awa nawa aka ba siyasa, awa nawa aka ba noma, ina shirin mata, ina na Fulatanci, ƙorafi nawa ya shigo kuma me aka yi da su. Duk ɗan kwamitin da ke kiran ɗakin watsa shiri don ya kare ubangidansa, namu ne ko nasu, ya sauka ya ba wani wuri. Mutanenmu biyu ba su yi haka ba. Sun zauna a taro, sun saurari shirin tare da sauran, sun sa hannu. Da sun ƙi, da me za su ce ranar da aka kawo ƙarar ɗaya ɓangaren? Sa hannun nan nasu shi ne ya ba mu bakin da yanzu muke neman a hukunta wancan.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, maganar kuɗi. Dalilin da ya sa ake kawar da kai daga sojojin baka shi ne su ke biya a kan lokaci. Shirin noma ba ya kawo ko sisi, sanarwar rasuwa da cigiyar yaro ko akuya abin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba, ga mai, ga gyaran na'ura, ga ɗan alawus na masu aikin sa kai. Sannu a hankali sai ka tarar da mafi kyawun lokaci, tsakanin isha'i da ƙarfe goma, duk ya koma hannun 'yan siyasa, shirin da ke gaya wa manomi yaushe ruwa zai zauna da farashin masara a kasuwannin maƙwabta an tura shi ƙarfe biyun rana lokacin da manomin yana gona. Tashar da mutum uku ke biya wa kuɗin mai, ta mutum ukun nan ce, ko me aka rubuta a takardar rajista. Kwamiti ne kaɗai zai iya sa iyaka, ya ce siyasar da aka saya ba za ta wuce kaza a mako ba, farashi ɗaya ga kowa, kuma a fito da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban taron al'umma sau ɗaya a shekara. Mu kuma da muke da 'yan kasuwa da ma'aikata a cikinmu, in da gaske muke son tashar, a haɗa a sa mata sola ba tare da an nemi a riƙa kiran sunanmu a kowace sanarwa ba.

Kar a manta da wahalar da aka sha kafin irin waɗannan tashoshi su samu. Sama da shekara goma ƙungiyoyi suna fafutuka a ƙasar nan, maƙwabtanmu na Nijar tuni ƙauyukansu suna da nasu tun wajen 1999, mu sai a 2015, a ƙarshen mulkin Jonathan, aka amince da lasisi 17 na farko ga ƙasa baki ɗaya. Abin da masu adawa da bayarwar suka riƙa faɗa shi ne, in aka ba talakawa rediyo 'yan siyasa za su ƙwace su hura wutar rikici. Duk daren da muka yi irin na Alhamis ɗin nan, gaskata su muke yi.

Kuma idan kwamiti bai tsawatar ba, akwai masu jiran su tsawatar, kuma su ba da mudu suke awo ba. Kowa ya ga abin da ya faru a Minna a watan Agustan 2025, lokacin da gwamnan Neja ya ba da umarnin a rufe Badeggi FM, har sai da ministan yaɗa labarai ya fito ya tunatar cewa maganar lasisi hurumin NBC ce. Mai iko uzuri kawai yake nema. Mu da ba mu riƙe da kujerar ƙaramar hukuma, ba mu da gidan rediyon gwamnati, ba mu da kuɗin sayen fili kullum a tashoshin birni, mu ne muka fi kowa buƙatar tashar nan ta zauna da ƙafarta. Ranar da aka rufe ta, su suna da inda za su yi magana. Mu sai dai mu dawo nan muna rubuce-rubuce, alhali tsohuwar da ke ƙauye, wadda ƙuri'arta muke nema, ba ta da Facebook, rediyo ce a rataye a bakin ɗakinta.

Ga zaɓe yana matsowa. Dokar Zaɓe ta hana watsa tallan ɗan takara ko sukar abokin hamayyarsa a cikin awa 24 kafin ranar jefa ƙuri'a da kuma ranar kanta. Wa zai tabbatar mai gabatarwa ɗan shekara ashirin da biyu, da wani babba ya danƙa wa dubu ashirin a aljihu, bai karya wannan ba? Wa zai tabbatar an ba kowane ɗan takara lokaci daidai, an kuma ba wanda aka soka damar mayar da martani? In kwamitin bai iya dakatar da shiri ɗaya yau ba saboda tsoron fushinmu, ba zai iya tare mu daga zaluncin wasu ranar da muke buƙatarsa ba.

Ga ɗan'uwanmu mai shirin, ba mu yar da kai ba. Kana da baiwar magana, mutane suna kashe hira su kunna rediyo saboda kai. Ka je ka ba tela da maƙwabcinsa haƙuri, ka nemi minti biyu a tashar ka janye maganar asali da ta iyali. In mako huɗun ya cika ka dawo da takardun rabon takin nan a hannunka, mazaɓa bayan mazaɓa, buhu nawa aka rubuta, buhu nawa ya sauka. Za mu taya ka tattarawa.

Maganar zuwa ƙofar tasha kuwa, babu ita. Shugabannin matasa na mazaɓu su isar da wannan yau. Abin da za mu kai takarda ce, kuma wakilanmu uku za su miƙa ta ga sakataren kwamiti ranar Litinin da safe: a saurari ƙorafinmu na cikin azumi a ba mu amsa a rubuce cikin mako biyu, a fitar da ƙa'idar shirye-shiryen siyasa kafin wa'adin dakatarwar ya ƙare, a kuma sa ranar taron al'umma da za a karanta lissafin tashar. Duk wanda yake da muryar wancan shirin na azumi a wayarsa, ya turo wa masu kula da wannan shafi kafin daren Lahadi, tare da ranar da aka watsa shi.